Moto mai waya uku kacal: ta ina kwantirola ke sanin inda rota take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran baburan lantarki ne, kuma aikin da aka fi kawo mini shi ne sensar Hall, wadda ke gaya wa kwantirola inda maganaɗisu yake, da ta mutu a cikin moton taya. Na ga a kasuwa akwai kwantirolar da ba ruwanta da siraran wayoyin sensar nan biyar, manyan uku kawai ake haɗa mata. Ta yaya take sanin inda maganaɗisu yake tunda ba mai gaya mata? Kuma in haka ne, me ya hana a daina saka sensar gaba ɗaya kowa ya huta?

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari.

Moton da ke juyawa da kansa yake tona asirin inda rotarsa, wato ɓangarensa mai juyawa, take, ta cikin manyan wayoyin nan uku da ake ba shi wuta. In ya tsaya cak kuwa, sai ya yi gum. Duk wahalar wannan fanni daga nan ta samo asali, kuma shi ya sa har yau masu ƙera babura ba su rabu da sensa ba.

Mu fara da abin da ya sa kwantirola ta damu da sanin wurin rota. A tsohon moto mai kabon, irin kik ɗin mota ko injin huda, ba wanda ke lissafin komai. Kabon yana goga a jikin amecha, ita kuma tana juyawa tana sauya wa kanta hanyar wuta a daidai lokacin da ya kamata. Da aka cire kabon aka koma BLDC, wato moto marar kabon, sai wannan aiki ya dawo wuyan kwantirola. Maganaɗisu yana jikin ɓangaren da ke juyawa, kwail yana jikin wanda ba ya motsi, an raba shi kashi uku da ake kira fes, kowanne da babbar wayarsa. A hanyar da ƙananan kwantiroli suka fi bi, kullum fes biyu ne ke ɗauke da wuta, na ukun yana hutawa, kuma ana sauya mai hutun sau shida kafin a cika zagaye ɗaya na lantarki, wato duk digiri 60.

Zagayen lantarki daban, zagayen taya daban. In ka buɗe moton taya ka ƙirga maganaɗisun, da yawa daga cikin manyan nan marasa giya za ka tarar da 46, wato tagwaye 23 na arewa da kudu. Duk wucewar tagwaye ɗaya zagaye ɗaya ne na lantarki. Ke nan kafin taya ta kewaya sau ɗaya an sauya wuta sau 138, kuma tsakanin sauyi da sauyi tayar ba ta ma matsa digiri 3 ba. In tana juyi 400 a minti, sauyin ya kai 920 a daƙiƙa guda, kowanne rabonsa milisakan 1 da ɗan kaɗan. Abin tamkar lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, kowace sai ta sauke taɓaryarta daidai lokacin da ta 'yar'uwarta ta tashi. Da zarar luguden ya kankama, ko an ɗaure musu ido za su ci gaba, kunne ya ishe su. A bugun farko ne babu sautin da za a bi.

Kuskuren lokaci kuwa farashinsa sananne ne. In kwantirola ta kauce da digiri 30 na lantarki, an yi asarar kusan kashi 13 cikin 100 na ƙarfin murɗawa. In 60 ne, rabi ya tafi. A 90 babu ƙarfi ko kaɗan, batir yana zuba wuta tana komawa zafi a kwail. In ya wuce nan, moton baya zai ja.

To ina bayanin yake fitowa? Ga gwajin da za ka yi a shagonka yau. Ɗaga tayar, zare wayoyin fes daga kwantirola, sa maltimita a AC tsakanin biyu daga cikinsu, ka juya tayar da hannu. Za ka ga lamba ta tashi. Ƙara sauri, ta ƙaru. Saki tayar, ta dinga sauka har sifili. Sai ka haɗa bakin wayoyin biyu da juna ka sake juyawa: tayar za ta yi nauyi, tana cijewa tana saki. Abin da Michael Faraday ya nuna ke nan a 1831, cewa maganaɗisu in ya gifta kwail yana haifar da wuta a cikinsa. Kowane irin wannan moto janareta ne a lokaci guda, ko da kana cikin ba shi wuta. A takardun kwantirola za ka ga an rubuta back-EMF. Mu ce mata wutar martani. Labari biyu take ɗauke da shi: girmanta yana bin saurin rota, hawa da saukarta kuma suna bin wurin da maganaɗisu yake.

Hanya mafi arha ita ce sauraron fes ɗin da ke hutawa. Tunda ba karan, wato wutar da ke gudana, a cikinsa, abin da aka auna a bakinsa wutar martani ce, kuma a cikin digiri 60 na hutunsa takan taso daga ƙasa ta haura sama, ko ta gangaro daga sama zuwa ƙasa. Lokacin da ta ratsa tsakiya shi ake nema. Tsakiyar ta ainihi tana can cikin moto, a maɗaurin kwail ukun, ba a fito da wayarta waje ba. Saboda haka sai a ƙirƙiro ta a kan allon kwantirola da rezista uku masu daraja ɗaya, ko a gwada da rabin wutar batir a lokacin da MOSFET, wato makunnin da ke buɗe wa fes wuta a cikin kwantirola, ke kunne. Ratsawar tana faɗowa ne a tsakiyar hutun, digiri 30 bayan sauyin da ya wuce, digiri 30 kafin mai zuwa. Kwantirola ba ta da ma'aunin digiri, agogo kawai gare ta. Sai ta duba tsawon lokacin da matakin baya ya ci, ta raba shi biyu, ta jira wannan rabin, sannan ta sauya. A juyi 400 ɗin nan, jiran bai wuce rabin milisakan da kaɗan ba.

Ka lura da raunin da ke ciki: da abin da ya wuce take hasashen abin da zai zo. Muddin sauri yana canzawa a hankali, lafiya lau. In taya ta daki dutse ko ta faɗa rami sauri ya karye farat ɗaya, lissafin ya ɓaci.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan cin rai. Karan ɗin da ke cikin kwail ba ya mutuwa nan take don an kashe masa hanya. Yakan bi ta dayod ɗin da ke cikin MOSFET har ya ƙare, kuma a wannan ɗan lokacin bakin fes ɗin yana manne da sama ko ƙasan batir, abin da kwantirola za ta iya ɗauka ratsawa ce alhali ba ita ba ce. Maganinsa shi ne a sa ta toshe kunne na ɗan lokaci bayan kowane sauyi. Amma yawan karan, tsawon lokacin mutuwarsa. In an ɗora kaya an murɗe totur har ƙarshe, wannan lokaci zai iya cinye digiri 30 ɗin duka, ratsawar gaskiya ta wuce ba a gan ta ba. Wannan shi ne ƙarar "garrr" ɗin da kake ji babur ya yi a kan hawa, ya fizge, ƙarfi ya ɗauke. Hayaniyar PWM, wato saurin kunnawa da kashewar da kwantirola ke yi don daidaita wuta, ita ma sai an tace ta da rezista da kafasita, kuma tacewar tana jinkirta sigina. Matatar da aka yanka a kilohaz 1.5 za ta jawo jinkirin kusan digiri 6 a wancan saurin, kuma jinkirin ƙaruwa yake da sauri. Kwantirola mai kyau tana cire shi a lissafi. Ta banza ba ta san da shi ba.

Wannan hanyar ce ke cikin ƙananan jirage marasa matuƙi da yawa, kuma tana yi musu aiki sumul. Za mu zo kan dalili.

Kwantiroli masu tsada, waɗanda ke tafiya shiru ba gurnani, waɗanda ake rubuta wa FOC, suna ba fes ukun wuta ne duka a lokaci guda, tana hawa tana sauka a hankali. Babu mai hutu, babu wanda za a saurara. A nan lissafi ne ke maye gurbin awo. Kwantirola ta san bolt nawa ta tura, tana kuma auna karan da ke bi ta kowane fes. Daga abin da ta tura sai ta cire wanda turjiyar waya ta ci, ta cire wanda kwail ya riƙe saboda canjin karan, abin da ya rage shi ne wutar martani, kuma daga ita ake fitar da kusurwar rota. Tushen lissafin tsoho ne. Robert Park ya wallafa nasa a 1929, Edith Clarke ma da nata, sannan Hasse a Darmstadt da Blaschke na kamfanin Siemens a Jamus suka gina FOC a kansu tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. Abin da ya hana shi shiga babur da fanka sai kwanan nan shi ne tsadar ƙwaƙwalwar da za ta yi wannan lissafi sau dubbai a daƙiƙa.

A aikace ba a yin ragin kai tsaye haka, don hayaniya za ta yi yawa. Ana gina moton ƙarya ne a cikin manhaja, a ba shi irin wutar da aka ba na gaske, ya yi hasashen karan da ya kamata a gani. In hasashen ya saɓa da abin da aka auna, da wannan saɓanin ake gyara ƙiyasin wutar martani, zagaye bayan zagaye, sannan a bi da kusurwar ta cikin wani matacin lissafi da ake kira PLL don ta daina rawa. Akwai salon Luenberger, akwai na Kalman, akwai wasu, kuma ɗalibai suna son musu a kan wanda ya fi. A ganina musun bai kai yadda ake zuzuta shi ba. In sauri ya kai matsakaici, dukkansu suna aiki. In ya yi ƙasa sosai, dukkansu suna faɗuwa, kuma a rami ɗaya.

Ga ramin da lambobi. A ce moton bolt 48 ne wanda ke kaiwa juyi 400 ba kaya, turjiyar kwail ɗinsa om 0.2. Wutar martaninsa ke nan kusan bolt 0.12 ce a kan kowane juyi ɗaya a minti. A juyi 10, wanda a tayar inci 26 bai wuce kilomita 1 da kwata a awa ba, bolt 1.2 ce kacal. A lokacin kuma ana tashi ne, a ce am 20 ke shiga, turjiya ta ci bolt 4. Ba laifi in kwantirola ta san turjiyar daidai. Sai dai tagulla tana ƙara turjiya da kusan kashi 0.39 cikin 100 a duk digiri ɗaya na zafi. Kwail ɗin da aka auna da sanyin safe a digiri 25, in ya kai 100 turjiyarsa ta ƙaru da kusan kashi 30. Kuma 100 ba abin mamaki ba ne ga moton da ya wuni yana jan kaya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar gari kanta ke haura 40. Bolt 4 ɗin nan ta koma 5.2. Kuskuren kaɗai, bolt 1.2, ya yi daidai da duk siginar da ake nema. Ƙara da wannan: don kada MOSFET na sama da na ƙasa su kunnu tare su gajarta batir, ana barin ɗan gibi tsakaninsu. Gibin maikirosakan 1 a PWM na kilohaz 16 da batir 48 yana sa abin da kwantirola ke zaton ta tura ya bambanta da abin da ya isa moto da kusan bolt 0.8. Haɗa su biyun, ka ga kuskure ya rinjayi sigina. A juyi 200 kuwa wutar martani ta kai bolt 24, waɗannan kurakurai sun zama ba komai ba.

Saboda haka kwantirola marar sensa a makance take tashi. Da farko takan zuba karan a fes biyu na ɗan lokaci, rota ta jawo kanta ta tsaya a wurin da aka sani, wani lokaci har da ɗan komawa baya. Daga nan ta fara sauya wuta da ka, a hankali tana ƙara sauri, da fatan rota tana biye. Sai sauri ya kai inda wutar martani ta fito fili, galibi wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na cikakken gudu, sannan ta miƙa ragama ga ƙiyasi.

Fatan nan yana cika ne in kayan da ke kan moto ba su da nauyi a farkon tashi, kuma an san halinsu. Farfelar jirgi, fanka, famfon ruwa mai farfela: nauyinsu yana ƙaruwa ne da ninkin sauri a kansa, don haka a farko kusan babu. Kwamfiresan firji da na AC mai inbata yana da ɗan nauyi, amma ana jira matsin gas ya daidaita kafin a sake tayar da shi, kuma can dole ce ma ta sa: moton yana rufe ruf cikin gas da mai da zafi, fil uku kawai ke fitowa ta jikin tukunyar. Haka famfon burtsatse mai sola wanda kwantirolarsa ke sama, moton yana can ƙasan ruwa. Ba mai hankalin da zai ja siraran wayoyin sigina na bolt 5 tsawon mita 80 kusa da wayoyin wuta. A waɗannan wurare rashin sensa shi ne daidai, ba rowa ba ce.

Tunda na ambaci burtsatse, in an taɓa kiranka kan famfon da ke ƙin tashi da safe ko yake tashi yana mutuwa, ka tuna cewa a idon kwantirola kebul ɗin ma cikin moto yake. Tagulla mai kaurin milimita 4 murabba'i tana da turjiyar kusan om 0.43 a mita 100, kowace waya. In aka yi rashin sa'a aka sayi kebul ɗin alminiyon da aka shafa wa tagulla, abin ya ninka sau ɗaya da rabi ko fiye. Sannan in bawul ɗin hana komawar ruwa ya lalace, ruwan da ke gangarowa cikin bututu yana juya famfon baya, kwantirola kuma ta zo tashi tana zaton a tsaye yake. Masu kyau sukan saurari wayoyin tukuna kafin su ba da wuta.

Babur kuwa akasin duk wannan ne. Inda ya fi buƙatar ƙarfi shi ne inda babu sigina: a tsaye, da fasinja biyu da buhu, wataƙila a kan gangare yana ƙoƙarin silalewa baya. Kwantirola ba ta san nauyin ba, yau daban gobe daban. Shi ya sa za ka ga yana kakkarwa a farkon tashi har sai an ɗan tura shi da ƙafa.

Akwai hanyar ganin rota tana tsaye, kuma ba ta dogara da wutar martani ba. Ga filin maganaɗisun da kwail ke haifarwa, ƙarfe hanya ce mai sauƙi, maganaɗisu kuwa kusan daidai yake da iska. In an binne maganaɗisun a cikin ƙarfen rota, kamar yadda ake yi a moton IPM, sai ya zama ta wata fuskar filin yana ratsa ƙarfe zalla, ta wata kuma sai ya ratsa maganaɗisu. Indoktans, wato yadda kwail ke jinkirta canjin karan, wanda kowane fes ke gani ke nan yana canzawa da wurin rota, ko tana motsi ko ba ta yi. Sai kwantirola ta cusa 'yar ƙaramar wuta mai saurin kaɗawa, daga haz ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, wadda ba za ta motsa rota ba, ta duba ta wace fuska karan ya fi saurin amsawa. Manfred Schrödl a Vienna da hanyarsa ta INFORM, da Robert Lorenz da ɗalibansa a jami'ar Wisconsin ta Amurka a shekarun 1990, suna cikin waɗanda suka kafa wannan. Tana nuna layin da maganaɗisu yake kai, amma ba ta bambanta arewa da kudu, domin canjin sau biyu yake maimaituwa a zagaye ɗaya. Don raba gardama sai a harba gajeren karan mai ƙarfi ta fuska ɗaya, a sake harbawa ta kishiyarta. Wanda ya dace da filin maganaɗisu yana ƙosar da ƙarfen, indoktans ya ragu, karan ya fi tashi. Nan ne arewa. Siririn kukan da wasu kwantiroli ke yi babur yana tsaye, wannan wutar ce kake ji.

Inda gizo ke saƙa shi ne moton taya da kake gyarawa ba IPM ba ne. Maganaɗisunsa a manne suke a fuskar ƙarfe, zagaye ɗaya sumul, bambancin indoktans ɗin kaɗan ne ƙwarai, kuma karan mai yawa yana gurɓata ɗan abin da ke akwai. Ana iya yi da kwantirola mai auna karan da kyau da kuma saiti na haƙuri, irin su VESC suna da wannan zaɓin, amma ba abin da za ka samu a kwantirolar kasuwa mai arha ba ne. Motocin lantarki ma, da galibi injinsu IPM ne kuma kuɗi ba ya hana su, suna saka na'urar auna kusurwa mai suna resolver, domin ba a wasa da fizgar baya a abin da ke ɗauke da rayuka.

Shawarata ga aikinka: babur mai ɗaukar kaya ko keke mai ƙafa uku, gyara sensar. In kana son kariya, nemi kwantirola mai hanya biyu, wadda ke tashi da Hall, in ta mutu ta koma marar sensa mutum ya lallaɓa ya kai gida. Mafi ingancinsu da Hall suke tashi, sauri na kankama su koma ƙiyasi, domin Hall digiri 60-60 kawai take faɗa, ƙiyasi kuwa ya fi ta daidai in ana gudu. Marar sensa zalla ta dace da keke mai feda, inda ƙafa ke yin tashin farko.

Kuma kafin ka yanke wa sensa hukunci, gwada ta. Bar kwantirola a haɗe a kunne, tabbatar akwai kusan bolt 5 tsakanin ja da baƙi, sannan ka sa baƙin maltimita a baƙar waya, jan kuma a ruwan ɗorawa, da kore, da shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, kana juya taya sannu a hankali. Kowace ta dinga tsalle tsakanin sifili da kusan 5. Wadda ta maƙale ita ce abin zargi, amma duba kebul ɗin a daidai inda ya fito daga aksul tukuna, nan ne yake gogewa in babur ya faɗi ko aksul ya juya a mazauninsa, nan ne kuma ruwan damina ke shiga. In ta kama sai an canza, canza ukun gaba ɗaya da iri ɗaya, kuma ka lura da fuskar da kowace ke kallo kafin ka zare ta. Juya ta tsakiyar kaɗai yana mayar da tsarin digiri 120 ya koma na 60. Alamarsa ita ce ka ga wayoyin uku sun hau sama tare ko sun sauka sifili tare, abin da ba ya taɓa faruwa a tsarin 120, kuma kwantirolar da aka saita wa 120 za ta ɗauke shi a matsayin sensa ta mutu ta ƙi ba da wuta.